Mai Kaya Bai Iya A'a Ba

A ofishinmu ba wanda yake kirana da sunan da iyayena suka raɗa mini. Ba-Damuwa suke cewa, har mai gadi, har mai kawo mana ruwa. Ban taɓa jin haushi ba, domin ni na jawo wa kaina. Duk abin da aka roƙe ni, kafin mai roƙon ya rufe baki na ce "ba damuwa", sai daga baya in koma gefe in zauna da damuwar ni kaɗai.

Kamfanin na kawuna ne, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina firamare bayan rasuwar babanmu. Manhajojin waya da na kwamfuta muke yi, a hawa na biyu na wani bene, saman shagon gyaran firji. Ɗaki ne dogo guda ɗaya mai tagogi uku, ɗayar ba ta buɗuwa, sai ƙaramin ofishin Kawu a ƙurya da aka kewaye da gilashi. Ni ban iya rubuta manhaja ba. Aikina in je wurin masu ba mu aiki, in ji abin da suke so, in dawo in faɗa wa masu ginawa. Su uku ne. Akwai Dogo, wanda sai ya sunkuya yake shiga banɗaki. Akwai Mai-Shiru, da za ka wuni kusa da shi ba ka ji komai ba sai ƙarar madannai. Sai Ƙwaƙƙwafi, wata baiwar Allah da take gwada duk abin da suka rubuta tana neman inda zai karye, kuma ba ta taɓa nema ta rasa ba.

Babban aikin da ke hannunmu a lokacin na wani asibitin yara ne mai zaman kansa. Likitar da take da shi ta ce tana son abin da zai rage mata cunkoso a ɗakin jira. Muka kusa shekara muna gini a ɓoye, kamar masu shirya mata abin mamaki. Ranar da muka nuna mata kuwa ta yi mamakin. Ta duba, ta sake dubawa, ta cire tabarau ta ce, "Wannan na wane asibitin ne?"

Da Kawu ya ga aikin zai suɓuce mana, sai ya ɗauko wata mata da ta taɓa koyar da lissafi a sakandare kafin ta koma harkar kwamfuta. Malama muke ce mata. Ba ta da tsayi, ba ta ɗaga murya, amma in ta yi shiru tana kallonka sai ka ji kamar ba ka yi aikin gida ba. Ta zo da wani tsarin aiki mai sunan Turanci da har yau bakina bai iya shi daidai ba. Sikiram nake cewa, Dogo yana dariya.

Ranar farko ta sa aka sauke kalanda da hoton Kawu yana karɓar lambar yabo, dogon bangon ya zama fayau. Ta tara mu a gabanta.

"Faɗinsa ba wuya," in ji ta, "yinsa ne wuya. Mun daina ɓuya shekara guda. Aiki za mu riƙa yi zango-zango, kowane zango mako biyu. A farkon zango ku masu gini za ku ɗauki abin da kuka san za ku iya gamawa, ba mai ɗora muku. Kullum da safe mu tsaya a nan na kwatan awa, kowa ya faɗi inda ya kai da abin da ya tare masa hanya. A ƙarshen zango mu kira likita mu nuna mata abin da yake aiki, komai ƙanƙantarsa, ta taɓa da hannunta. In ta tafi mu zauna mu waiwaya, mu ga abin da za mu gyara a yadda muke aikin. Sai mu sake wani zangon."

"A tsaye za mu yi taron?" Dogo ya tambaya.

"A tsaye. Na ga kujerunku, suna da laushi da yawa."

Ta ce ita aikinta share mana hanya, duk abin da ya tsaya a gaba ta kawar. Saura mutum ɗaya, mai kaya. Shi ne zai tara duk abin da ake so a layi guda, mafi amfani a sama, kuma yadda ya jera haka za a bi, ko mai kamfani sai ya girmama jerinsa. Kawu ya nuna ni da makullin motarsa ya ce ai ga wanda ya san asibitin ciki da waje. Na gyara tsayuwa. Kafin ya sauke hannu har na hango sabon katina, an buga muƙamin a ƙasan sunana da ruwan zinare.

Malama ta dube ni. "Rabin aikin mai kaya cewa a'a ne. Za ka iya?"

"Ba damuwa," na ce.

Ƙwaƙƙwafi ta ƙware da shayin da take sha, sai da aka bubbuga mata baya.

Washegari Malama ta ba ni tarin ƙananan takardu rawaya masu manne, ta ce in rubuta duk abin da asibitin yake so, kowanne a takardarsa. Wannan na iya. Na yi ta cikawa har hannuna ya gaji. Sai ta ce in jera su a bango daga sama zuwa ƙasa. Na ja baya na riƙe haɓa, na yi nazari irin na manya, sannan na manna guda shida a can sama, kafaɗa da kafaɗa.

"Wacce ce ta farko?"

"Dukkansu na farko ne, Malama."

"Da za a ce gobe kamfanin nan zai rufe, abu ɗaya kawai za mu iya miƙa wa likita, wanne ne?"

"Allah ya kiyaye."

"Amin. Wanne ne?"

Na ji tausayin takardun nan kamar 'ya'yana aka ce in nuna wanda na fi so. Duk wadda na sauke, sai fuskar wanda ya roƙe ni ita ta faɗo mini a rai. Aka tafi cin abinci aka dawo ina nan tsaye. A ƙarshe na bar ɗaya a sama: uwa ta karɓi lambar layi daga gida ta wayarta, ta san lokacin da za ta fito, kada ta wuni a ɗakin jira da yaro mai zazzaɓi a cinya. Masu gini suka karanta, suka ɗan yi musu a tsakaninsu, suka ɗauke ta tare da ƙananan abubuwa biyu da ke biye da ita, suka ce za su iya.

Da a ofis na yi zamana, da an rabu lafiya. Amma mai kaya dole ya riƙa leƙa masu amfani da kayan, kuma a asibitin kowa ya san ni, ya kuma san bakina. Babbar nas ta tare ni a baranda ta ce tana son manhajar ta riƙa tuna wa iyaye ranar rigakafi. Ba damuwa. Mai karɓar kuɗi ya ce shuɗin da muka sa yana sa shi ciwon kai, a mayar masa kore. Ba damuwa. Wadda take zama a teburin karɓar baƙi ta ce ai zai yi kyau in ranar haihuwar yaro ta zagayo, wayar uwarsa ta nuna furanni da gaisuwa. Na ce wallahi ko ni ban yi wannan tunanin ba.

Ban kai ko ɗaya bango ba, don na san Malama za ta tambaye ni wanne ne na farko. Sai na riƙa zagayawa. In ta fita amsa waya, in lallaɓa teburin Dogo da lemon kwalba mai sanyi, in ajiye masa, in rage murya: "Ɗan abu ne, kafin ka shanye wannan ka gama." Dogo mutumin kirki ne, kuma yana son lemo.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne tsayuwar safe. Wata safiya da aka zo kan Dogo, ya miƙe wuya ya ce, "Jiya na gama furanni, yau zan shiga kore."

"Waɗanne furanni?" in ji Malama. Ta juya ta bi bangon da ido sama da ƙasa, ba furanni.

Dogo ya dube ni. Kowa ya dube ni. Ni kuma na dubi tagar nan da ba ta buɗuwa kamar ranar na fara ganinta.

Malama ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Mai kaya, kai ka san kayanka. Sai dai Dogo hannu biyu gare shi."

Na daina kai lemo, amma an riga an makara. Ranar nuni da safe Malama ta tambayi abin da aka gama. Dogo ya ce layin saura kaɗan. Mai-Shiru ya haɗa yatsu biyu ya nuna cewa nasa ma saura ɗan ƙiris.

"Babu saura kaɗan a bangon nan," in ji ta. "Ku da kanku kuka yarda: an gama yana nufin Ƙwaƙƙwafi ta gwada bai karye ba, kuma uwa za ta iya amfani da shi yau. Abin da aka gama kaɗai ake nunawa."

Na roƙe ta a bar ni in nuna hotuna, in cike sauran da baki, ai na saba. Ta ce ta sani, shekara guda ina yi.

Haka likita ta bar marasa lafiya ta hawo benenmu tare da babbar nas, na tsaya a gabanta da waya a hannu, na latsa. Furanni suka fara zubowa daga sama, ja da fari, a kan kore, da ɗan kiɗa mai daɗi. Gaskiya Dogo ya yi ƙoƙari, furannin sun yi kyau. Likita ta kalla har kiɗan ya ƙare.

"Layin fa?"

"Yana hanya, Likita."

"Yau da safe wata ta jira har yaronta ya yi amai a ƙafar wata, da ƙyar muka raba su. Furanni zan nuna musu?"

Babbar nas ta ɗauki biskit ɗin da muka tanada ta ce, "Rigakafina fa?" Na ce shi ma yana hanya. Hanyar dai ta cika.

A bakin ƙofa likita ta tsaya ta ce, "Aƙalla wannan karon mako biyu kuka ɓata mini, ba shekara ba." Malama ta ce mini wannan yabo ne. Ni ban ji shi haka ba.

Da rana muka zauna waiwaye. Dokar Malama ita ce ba a kama suna, aiki muke gyarawa ba mutum ba. Don haka kowa ya koma cewa "wani".

"Wani yana kawo lemo," in ji Dogo.

"Wani yana shigo da abin da ban san da shi ba," in ji Ƙwaƙƙwafi, "sai dai in tsince shi a manhaja kamar aljani ya ajiye."

Na gyaɗa kai da alhini na ce gaskiya wannan wanin ya kamata ya gyara halinsa.

Sai Mai-Shiru ya yi gyaran murya. Duk muka juya, don ba kullum ake samu ba. Ya ce, "Ƙofa ɗaya." Muka jira sauran, ashe ya gama. Malama ce ta fassara: daga yau duk wata buƙata ta bango za ta shigo, ta hannun mai kaya, a idon kowa. Aka amince.

Da za a tashi ta tsayar da ni a kan matakala. "In bakinka ba zai iya a'a ba, kada ka takura shi. Ka ce na ji, zan rubuta, amma ba yanzu ba. Sannan ka nuna wa mutum abin da ke gabansa a layi."

Na kai maganar gida. Falonmu ba ƙarami ba ne, amma akwai firjin ƙanen matata, da keken ɗinkin ƙanwata, da katifu biyu na wani abokina da ya yi tafiya tun kafin a haifi autarmu. Ta wani ɗan lungu tsakanin firji da katifa muke kallon talabijin. Da na faɗa wa matata cewa aikina yanzu shi ne hana mutane abu, ta yi dariya har ta zauna a kan keken ɗinkin.

"Kai? Baban yara, kai?"

Ta ce to mu gwada. Ta yafa tawul ta zama babbar nas. "Ranka ya daɗe, a sa manhajar ta riƙa dafa mana shayi."

"Na ji, amma ba yanzu ba."

Ta marairaice fuska. "Haba, don Allah. Tun safe ban sa komai a bakina ba."

"To… bari in ga ko Dogo…"

Ta jefe ni da matashin kai. Muna cikin haka wayata ta yi ƙara, ƙanenta ne mai firjin. Ya ce ya samu injin wanki a araha, ba shi da wurin ajiyewa. Matata ta tsaya a gabana ta riƙe ƙugu tana girgiza kai. Na cika ƙirji da iska na ce, "Na ji, amma ba yanzu ba."

"Ba komai, Yaya," in ji shi, "gobe da safe ma ya yi." Ya kashe wayar.

Washegari ta gefen injin wanki na raɓa na fita aiki.

Duk da haka zango na biyu ya fara da kyau. Na riƙa zuwa asibiti da takardun rawaya a aljihu. Duk wanda ya tare ni in rubuta a gabansa, in nuna masa hoton bangon a wayata, in ce ga abin da ke gabanka. Na zaci za su daina gaishe ni. Ashe yawancinsu so suke kawai a ji su. Babbar nas da ta ga layin iyaye ne a saman rigakafinta ta ce, "Ai wannan ya fi, ku yi shi tukuna." Na dawo ofis ina tafiya kamar wanda ya ci yaƙi. A bango kuma, wanda Malama ta raba gida uku, takardu suka fara matsawa daga gefen jira zuwa gefen ana yi, har ɗaya ta tsallaka gefen an gama, Ƙwaƙƙwafi ta manna ta da kanta tana ɓata rai don ta kasa karya ta.

A tsakiyar zangon ne Kawu ya shigo da fara'arsa. Ya kai motarsa gareji, a can ya haɗu da wani mai shagunan magani da yawa a gari, hira ta yi daɗi, har ya yi masa alkawarin kafin ƙarshen mako mai zuwa iyaye za su iya sayen maganinsa ta cikin manhajarmu. Kai tsaye ya wuce teburin Dogo ya dafa kafaɗarsa ya fara bayani.

Dogo ya nuna ni da haɓa. "Ranka ya daɗe, ƙofa ɗaya ce yanzu."

Kawu ya juyo yana murmushi. "Au, kai ne ƙofar, ɗana? To buɗe."

Mutumin nan tun ina yaro ban taɓa musa masa ba. Ya taɓa aike na sayen jarida ana ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, na dawo na ba shi haƙuri don ta jiƙe. Na ji kalmar nan tawa tana hawowa maƙogwarona da kanta. Na nemi Malama da ido. Tana zaune tana ɓare lemu, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Kawu, ba…"

Ya san sauran, har ya fara juyawa zai tafi.

"Ba yanzu ba."

Muryar da ta fito ba tawa ba ce, ta ɗan tsako ce. Amma an ji ta. Har ƙarar madannan Mai-Shiru ta tsaya.

"Me ka ce?"

Na ciro takarda na rubuta buƙatarsa, ina sauri har rubutun ya koma irin na likitoci. Na ja shi gaban bango na ce, "Kawu, mutum uku muke da su. In wannan ya shiga, layin iyaye zai fita, kuma ranar Alhamis za mu sake tsayawa gaban likita. Ni dai ba zan iya sake nuna mata furanni ba. Kai ne mai kamfani, in ka ce a cire za a cire, amma kai za ka kira ta ka faɗa mata." Sannan na manna takardarsa a jerin masu jira.

Ya sa tabarau ya ƙirga daga sama. "Ta huɗu."

"Wuri ne mai kyau, Kawu. Dubi yawan waɗanda ke ƙasanta."

Ya cire tabarau. "Ni na saya maka takalminka na farko na makaranta," in ji shi. Ya shige ofishinsa ya rufe ƙofa. Matsalar ofishin gilashi ita ce duk muna ganinsa yana fushi, shi ma yana ganinmu muna yin kamar ba ma ganinsa. Malama ta miƙo mini ɓarin lemu. Na karɓa na cinye.

Ban kai gida ba mahaifiyata ta kira. "Me ka yi wa yayana? An ce ka manna shi a bango."

"Mama, ba shi na manna ba, takardarsa ce."

"Ta huɗu, an ce. Mutumin da ya riƙe ka? Ka wuce gidansa yanzu ka ba shi haƙuri."

Na wuce. Na same shi a falo, na zauna a ƙasa kan darduma na fara. Ba da haƙuri kuwa fannina ne. Na ɗauko tun daga takalmin makaranta, na bi ta lokacin da na yi ƙyanda ya kwana a kaina, na gangaro har ranar da ya ba ni aiki. Na yi kyau sosai har idonsa ya kawo ruwa, nawa ma haka. Ya dafa kaina ya ce, "Ya wuce, ɗana. Tashi. Gobe su Dogo su fara na mai maganin."

Nan na gane garin gwaninta na kusa sayar da bangon gaba ɗaya. Dole na sake faɗa, wannan karon daga ƙasa, hannunsa yana kaina.

"Kawu, haƙurin na yadda na faɗa ne a gaban mutane. Takardar tana nan ta huɗu."

Matar Kawu da ta shigo da tiren shayi ta juya da shi ba ta ajiye ba. Ya janye hannunsa ya ce in tafi gida iyalina suna jira. Ina sa takalmi na ji muryarsa daga ciki, kamar da bango yake magana: "Alhamis ɗin da safe ne ko da rana?"

Wannan nunin a asibitin muka yi shi, a ɗakin jira, tsakiyar kukan yara da warin maganin goge ƙasa. Abu ɗaya muka kawo. Nas ta nuna wa iyaye yadda za su karɓi lamba, allon da Mai-Shiru ya kafa a bango ya fara nuna wadda ake kira da wadda ke biye. Ya yi aiki. Wata ta ga saura mutane da yawa a gabanta, ta goya ɗanta ta ce bari ta je ta ɗora girki ta dawo, kuma ta dawo daidai ana kiran ta gabanta. Ƙwaƙƙwafi ta yi murmushi, ta yi sauri ta ɓoye.

Ba a jima ba wata ta taso da yara uku duk suna tari, ta ce lamba ɗaya aka ba ta, ɗaya za a duba ko ukun? Wata kuma ta ce wayar gidansu guda ce, kuma mijinta ya tafi aiki da ita. Shekara guda muna gini a saman shagon firji, ko sau ɗaya waɗannan ba su zo mana a rai ba. Na rubuta su nan take. Likita ta ce, "Ku ƙaro. Amma ta mai yara uku za ku fara." Na ce haka ni ma na gani, kuma da gaske nake.

Kawu ya zo a makare ya zauna a bencin baya. Wani yaro ya goge hanci da wandonsa, ya ƙyale shi.

Mai shagunan maganin bai jira mu ba, ya kai aikinsa wani kamfani. Kawu bai bar ni na manta ba. Duk ranar da ya rage mini hanya muka zo wucewa ta gaban ɗaya daga cikin shagunan, sai ya rage gudu ya yi ajiyar zuciya, shagunan kuma suna da yawa. Amma ya koyi rubuta takardarsa da kansa, da manyan baƙaƙe, ya manna ta a can ƙololuwa inda sai na yi ɗage nake kaiwa. Ni kuma in sauke ta a gabansa ina gumi. Wani lokaci yana da gaskiya, in bar ta a inda take, ya wuni yana kallona ta gilashi yana gyaɗa kai.

Bayan wasu zangunan ɗakin jiran ya koma ana samun wurin zama. Wata rana na fito daga asibitin, wani mutum mai sayar da balan-balan da motocin roba a bakin ƙofa ya sha gabana.

"Kai ne mai abin wayar nan?"

Na gyara kwalar riga na ce ni ne.

"Ka kashe mini kasuwa. Da, yaro zai gaji da jira ya yi ta ihu, uwar ta fito ta saya masa abu ya yi shiru. Yanzu su zo su shige su fita, ko kallona ba sa yi." Ya ce abin da yake so ba shi da yawa, a sa wayar ta riƙa ce musu su zo da wuri, ko da awa ɗaya ne.

Na ciro takarda na rubuta a gabansa. Na ce na ji, amma ba yanzu ba. Na nuna masa hoton bangon. Ya tambayi inda tasa za ta zauna, na gaya masa gaskiya: a can ƙasa, kuma da wuya ta taɓa hawowa, domin an yi abin ne don kada yaran su jira. Muryata ko rawa ba ta yi ba. Na so a ce Malama tana kusa ta gani.

Iska tana kaɗa balan-balan ɗin a saman kansa. Ya ce to, Allah ya ba kowa sa'a.

Na shiga bas da duk balan-balan ɗin da ke hannunsa, da motar roba guda a aljihu, kwandasta yana tambayata ko su ma zan biya musu kujera.